Ranar Farko a Filin Harbi: Yadda Ake Karɓar Sabon Mai Harbi a Amurka

Filin harbi a Amurka wuri ne da aka keɓe domin mutum ya harba bindiga a kan allo ko takarda ba tare da ya cutar da kowa ba. Wasu filayen na 'yan kasuwa ne, wasu na ƙungiyoyin maharba, wasu kuma hukumomin kula da namun daji na jihohi ne suke gudanar da su. Akwai na cikin gini, wanda galibi tsawonsa bai wuce yadi 25 ba, an raba shi rumfa-rumfa, kowane mai harbi da tasa, an kuma kafa ƙarfe ko tarin roba a ƙarshensa domin tare harsashi. Akwai na sarari, a bayan gari, inda ake tara tudun ƙasa a bayan allunan, nisan kuma yakan kai yadi 100 ko fiye. Filayen gwamnati da yawa suna samun kuɗin gini daga harajin da dokar Pittman-Robertson ta 1937 da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya suka karkatar ga jihohi, wato kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai da kashi 10 a kan ƙananan bindigogi.

Yawan baƙin da ke zuwa waɗannan wurare karo na farko ya ƙaru sosai a 2020. Ƙungiyar masana'antar bindigogi ta ƙasar, NSSF, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a wannan shekara, lokacin annobar korona da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd. A jihohi da yawa doka ba ta tilasta wa mai saye ya yi wani horo kafin a miƙa masa bindigar. Saboda haka filin harbi ne makarantar farko ga miliyoyin mutane, wani lokaci ma ita kaɗai ce. Babu wata dokar tarayya da ta tsara yadda za a karɓi sabon zuwa. Al'adar fili, da sharuɗɗan kamfanin inshora, da halin jami'in da ke bakin aiki a ranar, su ne suke yanke abin da zai faru da shi.

A gaban kanta

Tarba takan fara da katin shaida da takarda. Baƙo zai nuna lasin tuƙi ko fasfo, ya cika wata yarjejeniya da ke cewa ya san akwai haɗari kuma ba zai kai fili ƙara ba idan ya ji wa kansa rauni, ya kuma tabbatar bai sha giya ko ƙwaya ba, kuma doka ba ta haramta masa riƙe bindiga ba. Dokar tarayya ta 1968 ta hana wanda aka taɓa samu da babban laifi mallakar bindiga ko harsashi, riƙewa na ɗan lokaci a fili ma yana cikin haramcin. Sai dai hayar bindiga da za a yi amfani da ita a cikin harabar ba a ɗaukarta a matsayin sayarwa, don haka dokar tarayya ba ta wajabta binciken tarihin mutum da ake yi wa mai saye ba. Abin da baƙo ya rubuta da hannunsa shi ne hujjar da fili ya dogara da ita.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi ɗalibai da matafiya daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Ghana. Baƙon da ya shiga Amurka da bizar zama na wucin gadi, ta karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in ya shiga cikin wasu 'yan keɓantattun yanayi, mafi shahara shi ne mallakar lasin farauta na wata jiha. Ba kowane ma'aikacin kanta ne ya san wannan ba, kuma rashin saninsa ba ya wanke baƙon. Shari'ar Rehaif da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2019 ta samo asali ne daga wani ɗalibi ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya je harbi a fili bayan izinin zamansa ya ƙare.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a kanta ita ce ko mutum ya taɓa harbi. Filayen kirki suna yin ta ga kowa, ba tare da duba kamanni ko shekaru ba, kuma suna yin ta cikin muryar da ba za ta sa mutum jin kunyar faɗin gaskiya ba. Maza da yawa sukan amsa da cewa sun taɓa, alhali abin da suke nufi shi ne sun harba bindigar kawunsu sau ɗaya shekara ashirin da suka wuce. Gogaggen ma'aikaci yakan miƙa wa mutum bindigar da babu komai a cikinta, ya ce ya nuna yadda ake duba ko akwai harsashi. Cikin daƙiƙa kaɗan gaskiya takan fito. Wanda ya amsa cewa bai taɓa ba, sai a nuna masa wani gajeren bidiyo na ƙa'idojin tsaro, wasu wuraren su ƙara da 'yar jarrabawa, wasu kuma su ce ba zai shiga ba sai tare da malami.

Wata ƙa'ida da takan ba baƙi mamaki, har wasu su ji haushi, ita ce filaye da yawa ba sa ba mutum hayar bindiga idan ya zo shi kaɗai kuma bai zo da tasa ba. Dalilin mai nauyi ne. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga, kuma 26,328 daga cikinsu su ne suka kashe kansu, fiye da rabi ke nan. An sha samun mutanen da suka je fili, suka yi hayar bindiga, suka juya ta kansu. Hikimar ƙa'idar ita ce wanda ya zo da aboki yana da mai lura da shi, wanda kuma ya zo da bindigarsa bai buƙaci filin don ya samu makami ba. A jihar New Hampshire, tun 2009 masu shagunan bindiga da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa suka haɗu suka fara koya wa masu kanta alamun mutumin da ke cikin ƙunci, kuma a 2016 NSSF ta ƙulla irin wannan haɗin gwiwa da gidauniyar hana kisan kai ta Amurka. Wannan ƙa'ida ta cancanci a kiyaye ta ko da za ta sa fili ya rasa ciniki, domin ma'aikacin da ya hana mutum ɗaya a ranar da ya fi rauni ya yi aikin da babu wata doka da ta yi.

Ƙa'idojin da ake fara koyarwa

Kusan kowane fili yana da allo a bango ɗauke da ƙa'idoji huɗu da ake danganta su ga Kanar Jeff Cooper, tsohon sojan rundunar Marine ta Amurka da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976. Ma'anarsu ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi ko da an ce babu, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar lalatawa ba, yatsa ya kasance nesa da kunama har sai an daidaita saiti, sannan a tabbatar da abin da ake bara da abin da ke bayansa. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa a 1871 kuma ita ce ke horar da mafi yawan malaman harbi da jami'an tsaron fili na farar hula, tana koyar da nata guda uku masu kama da waɗannan. Ƙarfin tsarin yana cikin yadda ƙa'idojin ke rufa wa juna baya. Idan yatsa ya zame ya taɓa kunama amma bakin bindiga na kallon allo, harsashi zai tafi inda babu kowa. Kafin a ji rauni sai an karya biyu ko uku lokaci guda.

Sabon mai harbi yakan karya ƙa'ida ta biyu da ta uku ba da saninsa ba. Hannun ɗan Adam idan ya riƙi abu mai mariƙi, yatsan manuni kan shige inda ya samu gurbi, kuma gurbin da ke jikin bindiga shi ne gidan kunama. Haka nan idan mutum ya harba ya samu tsakiyar allo, ko bindigar ta cije ta ƙi tashi, abin da jikinsa zai fara yi shi ne juyowa ya nuna wa na kusa da shi, bindigar kuma tana biye da ƙirjinsa. Wannan juyowa ita ce abin da jami'an fili suka fi tsoro. Shi ya sa malami yakan tsaya a bayan kafaɗar ɗalibi ta ɓangaren hannun da yake harbi da shi, kusa ainun, yadda zai iya tare hannun kafin ya karkata. Ana gaya wa ɗalibi tun da wuri cewa in wani abu ya faru ya ajiye bindigar a kan tebur bakinta na kallon gaba, ya ɗaga hannu, ya jira.

Kafin a buɗe ƙofar shiga rumfunan, sai an sa tabarau da abin toshe kunne. Ƙarar ƙaramin harsashi mai lamba .22 takan kai kusan desibel 140, ta manyan bindigogi kuwa takan haura 160, kuma harbi ɗaya a wannan mataki na iya yi wa ji illar da ba ta warkewa. A cikin gini bango yana mayar da ƙarar, don haka ake ba sababbi shawarar su haɗa biyu, soson da ake cusawa cikin kunne da kuma marufin da ke rufe kunnen duka. Wannan yana da amfani na biyu, domin rabin tsoron sabon mai harbi daga ƙara yake zuwa, musamman idan na rumfar gefe yana harba babbar bindiga. Fili mai lura yakan ba sabon zuwa rumfar ƙarshe, nesa da masu manyan makamai. Tufafi ma ana duba su. Bindiga mai tofar da kwanso takan cillo shi da zafi, kuma idan ya faɗa cikin wuyan riga ko tsakanin yatsun ƙafa, mutum yakan yi tsalle da makami a hannunsa. Saboda haka ake son rufaffen takalmi, riga mai rufe wuya, da hula mai baki.

A filayen sarari, inda sai an taka an je wurin allo don canza takarda, akwai lokacin da ake cewa fili ya yi zafi, wato an halatta harbi, da lokacin da ake cewa ya yi sanyi. Idan ya yi sanyi kowa zai cire harsashi, ya bar bindiga a buɗe a kan tebur, ya koma bayan wani layi da aka shata a ƙasa, kuma ba a taɓa ta ko da gyara mata zama ne. Umarnin tsayar da wuta kuwa kowa yana da ikon bayar da shi, har wanda ya shigo yau, idan ya ga wani abu da bai gamsu da shi ba.

Harsashi na farko

Yadda ake shirya harbin farko shi ne ma'aunin da ya fi nuna ingancin fili. Malami nagari yakan fara da bindigar da babu komai a ciki, ko da harsashin roba na gwaji. Zai nuna tsayuwa, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗu, jiki ya ɗan rusuna gaba. Zai gano idon da ya fi rinjaye a wurin ɗalibin, domin akwai na-dama da idonsu na hagu ne ke jagora. Zai gyara riƙo, ya tabbatar babban yatsa bai tsallaka bayan ƙarfen saman bindigar ba, wanda ke komawa baya da ƙarfi a kowane harbi kuma yana iya yanka fata. Sai ɗalibi ya ja kunama sau da yawa ba harsashi, har ya san nauyinta.

Bayan haka ne ake sa harsashi, kuma guda ɗaya tak. Dalili a bayyane yake: duk abin da firgita za ta sa mutum ya yi bayan ƙarar farko, ko ya juyo, ko ya sake matsa kunama, ko ya saki bindigar, babu sauran abin da zai fita daga cikinta. Idan na farko ya tafi lafiya sai a sa biyu, sannan biyar. Allon kuma ana matso da shi kusa, yadi uku zuwa biyar, domin mutum ya ga ramin da ya huda ya samu ƙwarin gwiwa. Shirin First Shots na NSSF, wanda filaye da dama ke gudanarwa domin sababbi, a kan irin wannan tsari aka gina shi, darasi a aji sannan harbi kaɗan a ƙarƙashin kulawa.

Zaɓin bindiga yana da nasa kuskuren da ya zama ruwan dare. Mutane sukan ɗauka ƙaramar bindiga mara nauyi ita ce ta dace da mai koyo, musamman mace. Lamarin akasin haka yake. Idan harsashi ɗaya ne, bindiga mai nauyi tana shanye tunkuɗar da ke dawowa hannu, ƙarama kuwa sai ta miƙa ta duka ga tafin mai riƙe da ita. Shi ya sa malamai suka fi son fara wa mutum da .22 mai cikakken girma, wadda tunkuɗarta kaɗan ce kuma harsashinta ya fi araha, kafin a haura zuwa mai milimita 9. Mummunar al'adar da filayen kirki ke yaƙi da ita ita ce ta abokin da ke miƙa wa sabon zuwa babbar libarba don ya ɗauki bidiyon firgitarsa. Ban da haɗarin da ke ciki, irin wannan farawa takan dasa wa mutum ɗabi'ar runtse ido da dannar da bakin bindiga ƙasa kafin harsashi ya tashi, ɗabi'ar da takan ɗauki watanni kafin a raba shi da ita. Don haka ma malamai da yawa suke ganin miji ko saurayi ba shi ne ya fi dacewa ya koya wa matarsa ko budurwarsa ba.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne filayen da nishaɗi suke sayarwa. A Las Vegas akwai wuraren da babban cinikinsu shi ne ba wanda bai taɓa riƙe makami ba damar harba bindiga mai sarrafa kanta. Tun 1986 aka hana farar hula sayen sababbin irin waɗannan bindigogi, wannan ya sa suka yi tsada kuma haya ta zama hanyar da yawancin mutane za su taɓa su. A watan Oktoban 2008 wani yaro ɗan shekara takwas ya rasu a wani bajekolin bindigogi a Westfield, jihar Massachusetts, lokacin da ƙaramar bindigar Uzi mai sarrafa kanta ta ƙwace masa ta ɗago sama. A watan Agustan 2014 kuma, a White Hills ta jihar Arizona, wata yarinya 'yar shekara tara ta harba Uzi da aka saita a kan ruwan wuta, bindigar ta karkace, harsashi ya samu malaminta a kai ya mutu. A lokutan biyu akwai manya a tsaye, iyaye sun amince. Abin da aka yi watsi da shi shi ne hawa mataki-mataki da kuma auna ƙarfin hannun yaro da ƙarfin makamin. Jihar Connecticut, inda yaron farko ya fito, ta haramta ba 'yan ƙasa da shekara 16 irin wannan bindiga bayan rasuwarsa, amma a jihohi da yawa har yanzu mai fili ne ke yanke shekarun da zai karɓa.

Wa ake maraba da shi

Tsaro ɓangare ɗaya ne na tarba, mutuntawa kuma wani ɓangaren. Shekaru da yawa filin harbi ya kasance mahaɗar fararen fata maza, kuma ƙorafin da sababbi suka fi yi shi ne na raini a kanta da tsawar jami'in fili. Tsawa tana da gurbinta, domin idan bakin bindiga ya doshi mutane babu lokacin lallashi. Amma jami'in da ke daka wa mai koyo tsawa a kan ƙaramin kuskure yana ƙara masa rawar hannu ne, kuma yana koya masa ɓoye matsala maimakon neman taimako. Wannan giɓi ne ya haifar da ƙungiyoyin da ke kai sababbi fili a rukuni. A Girl and A Gun ta mata ta fara a Austin ta jihar Texas a 2011, ƙungiyar baƙaƙen fata masu bindiga ta NAAGA kuma Philip Smith ya kafa ta a jihar Georgia a 2015. Filaye da dama yanzu suna ware dare na musamman ga mata, suna kuma ɗaukar malamai mata.

An kuma samu wariya a fili ƙarara. A 2014 wata mai filin harbi a Hot Springs ta jihar Arkansas ta shelanta cewa ba ta karɓar Musulmi, a 2015 wani fili a Oktaha ta jihar Oklahoma ya kafa irin wannan sanarwa. A 2016 wani Musulmi da ke cikin rundunar ko-ta-kwana ta sojan Amurka ya kai na Oklahoma kotu da taimakon ƙungiyoyin kare haƙƙi na CAIR da ACLU bayan an kore shi, aka janye ƙarar a 2019 bayan an cire allon.

Abu na ƙarshe da ake gaya wa baƙo kafin ya fita, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne batun dalma. Harsashi da sinadarin da ke kunna albarushinsa suna sakin ƙurar dalma a iska, ta sauka a hannu da fuska da tufafi. Ginin da aka tsara da kyau yana tura iska daga bayan masu harbi zuwa wajen alluna, ya tace ta kafin ta fita. Binciken da jaridar Seattle Times ta wallafa a 2014 ya nuna filaye da yawa ba sa cika wannan sharaɗi, kuma hukumomi ba sa yawan duba su. Saboda haka ake hana ci da sha a rumfa, ake cewa a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci, a kuma wanke kayan da aka je da su daban da na yara. Masu juna biyu ana ba su shawarar su dakata har sai sun haihu.

A wasu ƙasashen doka ce ke ɗauke da nauyin da Amurka ta bar wa mai fili. A Birtaniya, inda aka haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara a makarantar Dunblane, mai son koyon harbi yakan shiga ƙungiyar da ma'aikatar cikin gida ta amince da ita, a sanar da 'yan sanda sunansa, ya yi aƙalla wata uku yana ɗan gwaji a ƙarƙashin kulawa kafin ya zama cikakken mamba. A Jamus sai mutum ya shekara guda yana harbi a kai a kai a ƙungiya, sau ɗaya kowane wata ko sau 18 a shekarar, ya kuma ci jarrabawar sanin makami da dokokinsa, kafin ya nemi izinin mallakar bindigar wasanni tasa ta kansa.